Kafin ka sayi mota a Ingila, ka zauna da mahaifiyarka kan batun waya

Ɗana, wa alaikumus salam. Saƙonnin muryarka duk sun iso, na kuma saurare su. Ina taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu, Allah Ya sa albarka, Ya kawo ka lafiya. Ka ce tun kana sakandare kake jan motar Alhaji, daga Kano zuwa Zariya har Kaduna babu ramin da ba ka san inda yake ba, saboda haka da ka sauka so kake ka sayi 'yar ƙaramar mota ka riƙa kai wa mutane abinci da daddare, in ka zauna da gindinka ka shiga tasi kamar ni. Ka tambaye ni kuɗin mota da kuɗin mai. Wannan ba zan ɓata bakina a kai ba, farashi yana nan a intanet, kowa na iya dubawa.

Abin da ya tsaya min a rai daban ne. A saƙonka na biyu ina jin hon, ina jin ƙarar sigina, har akwai inda ka katse magana ka yi wa wani mai a-daidaita-sahu faɗa sannan ka ci gaba. Kana tuƙi ka naɗi saƙon nan, waya a hannu ɗaya, sitiyari a ɗaya. Na san ba ka ɗauke shi a bakin komai ba, don haka kowa ke yi a gida. To a nan, saƙon nan guda ɗaya ya isa ya rusa duk shirin da ka zayyana min. Da yake kuma ba kai kaɗai ne ka aiko min da irin wannan tambaya a bana ba, zan yi bayanin sau ɗaya da tsawo, ka nuna wa abokanka masu shirin tahowa.

Duk wanda aka samu riƙe da waya yana tuƙi a ƙasar nan, tararsa fam 200, a kuma rubuta masa makin laifi 6 a lasisi. Mutanenmu fam 200 ɗin suke ji, su buga lissafinsa da naira su kama baki. Ni makin nake so ka ji. Tsohon direba in ya tara maki 12 cikin shekara uku, kotu kan dakatar da shi daga tuƙi na wata shida, ka ga kamu biyu kenan. Sabon direba kuwa, wanda bai cika shekara biyu da cin jarabawar tuƙi ba, da makinsa ya kai 6 an soke lasisin, bisa wata doka ta 1995. Kamu ɗaya tak. Kuma ba dakatarwa ba ce da za ka jira kwanakinta su cika a miƙo maka abinka. Komawa lana za ka yi, ka sake neman lasisin koyo, ka sake jarabawar kwamfuta, ka sake ta kan titi. Kai kuwa sabon direba ne a wurinsu. Shekarun da ka yi kana keta hanyar Kaduna babu littafin da aka rubuta su a nan.

Lasisinka na Najeriya zai yi maka aiki wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, daga nan amfaninsa ya ƙare, don Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu da na Birtaniya. Sai ka nemi na koyo a DVLA, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi, fam 34 ta intanet. Jarabawar kwamfuta fam 23, ta titi fam 62 a ranakun aiki. Waɗannan ƙananan kuɗi ne. Mai koyarwa shi ke cin kuɗi, sama da fam 30 kowace awa, kuma sai ka neme shi ko da ka fi shi iya sarrafa mota, don giya da kuloci ba su ne darasin ba. Darasin shi ne duba madubi yadda mai jarabawa zai gani, shiga shataletale a ƙasar da ake bin hannun hagu, da zare halayen titin gida daga jikinka ɗaya bayan ɗaya. Ba za a bar ka ka zauna jarabawar ba sai ka yi kwana 185 a ƙasar, ga jiran watanni kafin a samu ranar da ba a cike ba. Ni da kuɗin aikin dare a sito na bi wannan hanyar, ina yanko na darasi daga kuɗin abinci. Har yau da nake tasi a Manchesta lasisina babu maki ko ɗaya a kansa, kuma ina alfahari da hakan a gaban kowa, don ni na san abin da na hana kaina kafin ya zauna haka.

Akwai yaron da muke salla tare a masallacinmu, mai natsuwa, aikinsa zagayawa gida-gida yana kula da tsofaffi. Irin aikin nan ba ya yiwuwa sai da mota, don gida goma za a ba ka a rana, kowanne a unguwa daban. Bai daɗe da cin jarabawa ba, yana tsaye a danja, mahaifiyarsa ta kira. Ya ɗauka don kawai ya ce mata yana tuƙi zai kira ta anjima. Motar 'yan sanda tana gefensa. Lasisi ya tafi, wurin aiki suka rage masa awanni don babu wanda zai riƙa kai shi, ga kuɗin haya, ga bashin motar da ke ajiye a ƙofar gida yana biya duk wata. Mahaifiyar har yau ba ta san kiranta ne sanadi ba, don ya ƙi faɗa mata, na kuma ga girmansa a kan haka. Amma ni na ga yadda ya rame a watannin nan.

Ka lura da inda aka kama shi: a tsaye, a danja. Wannan ne abin da ya fi ba sababbin zuwa mamaki, suna rantsuwa cewa motar ba ta motsi. A idon doka tuƙi kake in kana jiran danja, tuƙi kake in gosulo ya riƙe ka, tuƙi kake ko da motarka irin sababbin nan ce masu kashe injinsu da kansu in ka taka birki. Ko kana zaune a kujerar gefe kana lura da mai koyo, dokar tana kanka kamar kai ke riƙe da sitiyari. Kada kuma wani tsohon zuwa ya ce maka ai kira da saƙo kaɗai aka hana. Da can haka ne. An kafa dokar a Disambar 2003 da tarar fam 30, a 2007 ta koma fam 60 da maki 3, a Maris ɗin 2017 ta kai inda take yanzu. A 2019 babbar kotu ta tabbatar da wanke wani mutum da aka kama yana ɗaukar bidiyon haɗari da wayarsa yana tuƙi a wata unguwa ta Landan, saboda sadarwa kaɗai tsohuwar dokar ta ambata, shi kuwa bai kira kowa ba, bai aika wa kowa saƙo ba. Wannan ƙofar aka toshe ranar 25 ga Maris 2022. Yanzu in wayar tana hannunka, duba agogo laifi ne, kunna hasken fuskarta laifi ne, sauya karatun Alƙur'ani ko waƙa laifi ne, ɗaukar hoto laifi ne, har katse kiran da ba ka son ɗauka laifi ne. Ko babu layi a cikinta, ko ka kashe data, duk ɗaya. Kuma ba waya kaɗai ba, da na'urar taswira da ƙaramar kwamfutar hannu duk hukuncinsu guda.

Na ambaci hoto da gangan. Duk shekara in dusar ƙanƙara ta fara sauka sai ka ga yaranmu sun cika WhatsApp da TikTok da bidiyon titi, an ɗauka daga bayan sitiyari, agogon gudu yana fitowa ƙarara, wani har fuskarsa yake juyowa ya gaida mutanen gida. Raina yana ɓaci duk lokacin da na gani. Mutum ya haɗa wa kansa shaida da hannunsa, ya kuma watsa ta, don kawai a ce ya iso Turai.

Inda aka yi rangwame kaɗan ne. Za ka iya kiran 999 ko 112 in gaggawa ta taso kuma tsayawa ba za ta yiwu ba, za ka iya biyan kuɗi da waya a tagar masu sayar da abinci in motar tana tsaye, sai kuma in ka faka a wurin da ya halatta. Ni in na faka sai na ja hanbirki na kashe mota kafin hannuna ya kai ga waya. Kafaɗar babbar hanya ba wurin amsa kira ba ce, ta lalacewar mota ce da larura ta gaske, tsayawa a kanta don hira wani laifin ne daban.

Za ka ce to mu 'yan tasi fa, da aikinmu gaba ɗaya a cikin waya yake? An yarda ka maƙala ta a mariƙinta, ka bi taswira, ka yi magana ta lasifikar mota. Tun Disambar 2017 ma bin na'urar taswira yana cikin jarabawar tuƙi. Amma sharaɗin shi ne kada mariƙin ya tare maka titi, kada kuma hankalinka ya koma kansa. In ɗan sanda ya ga motarka tana karkata kana latse-latse, zai rubuta ka da rashin riƙe mota yadda ya kamata ko tuƙin sakaci, maki 3 ne mafi ƙaranci, in abin ya je kotu a kan sakaci yana iya kaiwa 9. Ni nakan saka adireshi kafin in tayar da mota. In fasinja ya sauya ra'ayi a hanya, sai na samu gefe na tsaya sannan in gyara, ko da yana tsaki. Wasu sun rage min tauraro a manhaja saboda haka, ban kuma damu ba.

Yanzu ga abin da nake so ka cire daga ranka tun kana Kano. A gida in an tare ka, akwai magana. Ka sauko, ka ce yallaɓai a yi haƙuri, ka ambaci wanda ka sani, a ƙarshe a fahimci juna. A nan yawancin waɗanda aka kama ba su ma ga wanda ya kama su ba. Tun 2015 'yan sanda ke yawo a manyan hanyoyi cikin kan tirela marar tambari, suna leƙo cikin motoci daga sama suna ɗauka, ko da wayar a cinyarka take. Wasu yankuna sun gwada kyamarori masu gane waya a hannun direba da kansu. Sannan ga jama'ar gari: mai keke da kyamara a hularsa, direban da ke bayanka da tasa a gilashi, fasinjan saman bas. 'Yan sanda sun buɗe musu hanyar tura bidiyo ta intanet, kuma suna turawa, ba sa ganin sun yi maka sharri. David Beckham da kuke gani a talabijin, wani mai wucewa ne ya ɗauke shi hoto riƙe da waya cikin gosulo a tsakiyar Landan a Nuwambar 2018. Da ma yana da maki 6 na gudu, aka ƙara masa 6, a Mayun 2019 kotun majistare ta hana shi tuƙi wata shida, da tarar fam 750. In sunansa bai cece shi ba, ka auna naka. In kuwa ɗan sanda ne ya tsayar da kai ido da ido, ka amsa abin da ya tambaye ka cikin ladabi, kada hannunka ya doshi aljihu da sunan na goro. Tayin cin hanci laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa shekara 10.

Abin da za ka gani shi ne wasiƙa, yawanci cikin kwana 14, zuwa adireshin da aka yi wa motar rajista. Za a tambaye ka wanda ke tuƙi a ranar, a ba ka kwana 28. Ɗalibai suna yawan sauya ɗaki ba su sanar da DVLA ba, wasiƙa ta je tsohon gida, a yi shari'a ba sa nan. Rashin amsa ta kaɗai maki 6 ne da tarar da ke iya kaiwa fam 1,000. Idan wasiƙar ta same ka, za a samu wani mai son ka da zai raɗa maka cewa ka rubuta sunan wane da ya gama karatu ya koma Najeriya, wa zai bi shi can? Wallahi ka guje wa mai wannan shawara. Fiona Onasanya a lokacin lauya ce, 'yar majalisar dokokin ƙasar nan mai wakiltar Peterborough, iyayenta 'yan Najeriya. Kyamara ta kama motarta da gudu a 2017, aka rubuta sunan wani ɗan Rasha a matsayin direba, bincike ya nuna mutumin yana ƙasarsu a ranar. A Janairun 2019 aka ɗaure ta wata uku, ɗan'uwanta wata goma, kujerarta ta majalisa ta tafi, aikin lauya ya tafi. Laifin asali na maki kaɗan ne da tara. Ƙaryar ce ta kai ta kurkuku. Ita 'yar ƙasa ce, tana da inda za ta tsaya bayan ta fito. Kai biza gare ka.

Bayan tara kuma akwai abin da ke biyo baya shiru-shiru. Laifin waya yana da lambarsa, CU80, yana zama a bayananka shekara huɗu, masu inshora kuwa yawanci shekara biyar baya suke tambaya. Sabon zuwa da ma inshorarsa takan kusa kuɗin motar ko ta fi, ka ɗora wannan lamba a kai ka ga yadda za ta tashi. Tasin da kake buri kuma, ƙa'idojin da gwamnati ta ba ƙananan hukumomi a 2020 sun ce wanda kotu ta samu da laifin riƙe waya yana tuƙi, kada a ba shi lasisin tasi sai bayan shekara biyar aƙalla. A Landan ma ba za su dube ka ba sai lasisinka na nan ya shekara uku. Batun kai abinci kuwa, bari in gajarce maka shi: bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarda ka yi aiki lokacin karatu, kuma ta hana ka aikin kanka, alhali mafi yawan masu kai abinci ta manhaja a matsayin masu aikin kansu aka ɗauke su. Masu hayar asusun wani suna yi da bizarsu suke caca. Inshorar yau da kullum ma ba ta rufe ɗaukar kaya ko mutum don kuɗi, in aka kama ka tamkar marar inshora kake: fam 300, wasu maki 6, a kuma iya tafiya da motar. Wannan shirin ka ajiye shi sai ka gama karatu takardunka sun sauya.

Kada ka ɗauka tsananin nan mugunta ce. A Agustan 2016, a hanyar A34 kusa da Newbury, wani direban tirela ya afka wa motocin da gosulo ya tsayar, ya kashe wata mata da 'ya'yanta maza biyu da wata yarinya da ke tare da su. Kyamarar cikin motarsa ta nuna shi yana neman waƙa a waya, idonsa ba ya kan titi. Ƙasa da awa guda kafin nan ya sa hannu a takardar wurin aikinsa cewa ba zai taɓa waya yana tuƙi ba. Shekara 10 aka yanke masa. Daga Yunin 2022 hukuncin kashe rai ta tuƙin ganganci ya tashi daga shekara 14 zuwa ɗaurin rai da rai, kuma baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye, dokar 2007 ta ce a mayar da shi ƙasarsa in ya gama. Ka yi lissafi da kanka: a gudun cikin gari, mil 30 a awa, mota tana cin kusan mita 13 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu kana duba sunan mai kira, ka yi tafiyar mita 27 ba ka ga komai ba. A babbar hanya, mil 70, ya haura mita 60. Mu kuma ba sai Bature ya koya mana nauyin rai ba. Ka karanta Suratun Nisa'i, ka san abin da ke kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya ga iyalinsa, da kaffarar da ke kaiwa ga azumin wata biyu a jere. Ban san yadda mutum zai tsaya gaban Allah ya kira shi kuskure ba, alhali da saninsa ya ɗauke ido daga hanya.

Duk wannan da na lissafa mai sauƙi ne, karantawa za ka yi ka haddace. Mai wuyar yana cikin tarbiyyarmu, kuma shi ya sa na dage sai na rubuto maka. An raine mu a kan cewa in babba ya kira, amsawa ake yi nan take. Ka ga sunan mahaifiyarka yana haske a waya ka ƙyale, jikinka ma ba zai ba ka ba. Ga shi mutanen gida ba sa kira sau ɗaya su haƙura. Za a kira, a sake kira, a ba ƙaninka ya gwada da tasa wayar, a yi filashin, a turo saƙo: lafiya kuwa? Kai kuma kana nesa, duk kiran da ya wuce biyu gabanka faɗuwa yake, don ka san irin labarin da ake nacewa a kai.

Ranar da Baffa ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ina kan babbar hanyar M6 da fasinja zan kai shi filin jirgi. Wayar tana maƙale a gabana tana haske, sunaye suna sauyawa, wannan ya katse wancan ya shigo. Tun kafin in ji daga bakin kowa na san abin da ya faru. Babu wurin tsayawa, ga ran mutum a bayana da ya ba ni amana. Haka na riƙe sitiyari da hannu biyu ina salati har na sauke shi, na samu wuri na kashe mota, sannan na kira. Abin da ya biyo baya shi ne ban manta ba. A zaman makoki aka riƙa faɗa cewa an yi ta kirana na ƙi ɗauka, wai Turai ta shiga kaina, wai na fi ƙarfin wayar 'yan'uwa. Wasu daga masu faɗar haka, da wannan lasisin nake biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Ban mayar wa kowa magana ba, amma ta yi min ciwo, har yanzu kuma tana yi. Da za a maimaita ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Za ka ce ai da na amsa ta lasifika, tunda doka ta yarda. Doka ta yarda, ni ne ban yarda wa kaina ba. Maganar gida ba irin hirar fasinja ba ce. Fasinja yana ganin titin da kake gani, in tirela ta matso zai yi shiru da kansa. Na waya ba ya gani. Zai faɗa maka an kwantar da wance a asibiti, ko mai gida ya ba da notis, ko an fasa auren ƙanwarka, daidai lokacin da kake shiga shataletale mai hannu huɗu. Hannunka yana kan sitiyari amma zuciyarka ta tafi Kano. Ba na karɓar labarin gida ina tafiya, mai daɗi ko marar daɗi.

Saboda haka kafin ka hau jirgi, ka samu Yaya, mahaifiyarka, ku zauna, kai da ita, ba a tsaitsaye ba. Ka faɗa mata a fili cewa akwai lokutan da za ta kira ba za ka ɗauka ba, kuma ba raini ba ne, ba kuma wani abu ne ya same ka ba. Ka nemi ta yafe maka wannan tun yanzu, ta kuma faɗa wa Alhaji da bakinta, don in daga wurinta ya fito babu mai ja. Ku tsayar da lokacin waya da kowa ya sani, bayan Isha ko ranar Juma'a. Ka bayyana mata agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Najeriya, sauran watannin kuna gabanmu da awa guda. Ku ware mutum ɗaya a gidan wanda in larura ta gaske ta taso shi kaɗai zai kira, yadda in ka ga sunansa za ka nemi wurin fakawa, sauran kuma su bar saƙon murya. Ni sai bayan rasuwar Baffa aka yarda da wannan tsari a gidanmu, kai kana da damar kafa shi tun kafin a ji haushinka.

Kuma ka fara tun gobe, a titin Zoo Road da Kofar Nassarawa, kada ka jira sai ka sauka a Manchesta. Hannun da ya saba zabura in waya ta yi ƙara ba ya daina wa don an buga masa biza. A gida ma ai haramun ne a doka, yana cikin jerin laifuffukan hukumar kiyaye haɗura, shekara da shekaru tararsa naira 4,000, raina ta kawai aka yi. Ka jefa wayar cikin aljihun mota ka rufe kafin ka murɗa makulli, ko ka kunna mata tsarin nan da ke riƙe kira in kana tuƙi, kusan kowace waya tana da shi yanzu. Ka yi watannin da suka rage maka a haka. Abokanka za su yi maka tsiya, ka bar su.

Shekararka ta farko ba ka buƙatar mota. Akwai bas, akwai jirgin cikin gari, ɗalibi yana samun rangwame, makarantarku kuma ba ta da nisa da inda na nemo maka ɗaki. Ka sabunta lasisinka na gida kafin ka taso, ka taho da shi, amma kuɗin da ka tara na mota ka bar su don haya da rigar sanyi. In ka huta za mu cike takardar lasisin koyo tare, in ba ka littafin dokokin hanya ka fara karantawa, in kuma haɗa ka da mai koyarwar da na yarda da shi. Ka turo min ranar tashinka da lambar jirgi da zarar bizar ta fito. Ka gaida Alhaji da kyau. Yaya kuma ka ce mata zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zan fara yi mata bayanin da kaina kafin ku zauna.